Siffar ƙwaya ce kaɗai ke sa ƙwayoyin koloyid su fuskanci alƙibla ɗaya, ko da wani abu a ƙasa?

Rukayya_Kem:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. An ba ni taken semina a kan kiristal ɗin da ƙwayoyin koloyid ke haɗawa da kansu, kuma akwai inda na cije. Na gane cewa ƙananan ƙwayoyi, daga 'yan nanomita zuwa maikiromita ɗaya ko biyu, idan suna yawo a ruwa aka cunkushe su, sukan jeru da kansu ba tare da hannun kowa ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, a wasu takardun sai ka ga kowace ƙwaya tana mazauninta daram amma tana ta juyi a wurin, ba gaba ba baya. A wasu kuma duk sun fuskanci alƙibla ɗaya. Masu rubutun suna cewa siffar ƙwayar ce kawai ke kawo bambancin, ko da babu caji, babu maganaɗisu, babu abin da ke manne su. Ni dai ban gamsu ba. Ai sai da ƙarfi ake juya abu. Ko dai akwai wani jan juna da ba sa faɗa mana?

Malam_Fizis:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki fara raba abu biyu da ɗalibai ke yawan gwamutsawa: tsarin mazauni daban, tsarin alƙibla daban. Ruwa ba shi da ko ɗaya. Cikakken kiristal yana da duka biyun. Akwai mai alƙibla ba mazauni, shi ne ruwan kiristal, irin wanda ke cikin allon LCD. Akwai kuma mai mazauni ba alƙibla, shi ne wanda kika ga yana juyi.

A kan zargin jan juna kuwa, ba ke kika fara ba. A 1957 Alder da Wainwright suka nuna a kwamfuta cewa ƙwallaye masu tauri, waɗanda dokarsu ɗaya ce tak, kada su shiga jikin juna, suna zama kiristal idan aka matse su. Manyan masana da yawa a lokacin ba su yarda ba. Yau an san kiristal yana fara fitowa idan ƙwallayen suka cinye kashi 49.4 cikin 100 na wurin, ya gama mamayewa a kashi 54.5. Pusey da van Megen sun gani da ido a 1986 da ƙwallayen roba cikin kwalba. Sai dai ita ƙwallo ko ta juya ba a sani ba, don haka tambayarki ba ta ma tasowa sai siffa ta bar zagaye.

Kawu_Tanko:
Mu da muka ajiye alli tuntuni muna gefe muna saurare. Allah ya ƙara basira.

Abba_Kwamfuta:
Rukayya, amsar tana wurin Lars Onsager, takardarsa ta 1949 a kan ƙwayoyi masu siffar sanda. Kowace sanda tana da 'yanci iri biyu: na juyawa duk inda ta ga dama, da na zirga-zirga daga wuri zuwa wuri. Idan wuri a sake yake, duka biyun tana samu. Da zarar an cunkushe, sai ɗaya ya ci ɗaya. Sanda biyu da suka gitta juna suna tare wa juna fili mai yawa, kimanin 2L²D idan gicciyen ya cika, L tsawo D kauri. Idan suka kwanta gefe da gefe kuwa, filin da suke tarewa na ajin LD² ne, ɗan kaɗan idan sandar doguwa ce siririya. To idan duk suka haƙura da wani ɓangare na 'yancin juyawa suka miƙe gefe guda, abin da suka samu na zirga-zirga ya fi abin da suka rasa. Jimillar hanyoyin da taron zai iya kasancewa, wato entirofi, ta ƙaru ke nan duk da a ido tsari ya ƙaru. Ba wanda ya juya su. Yanayin da suke a miƙe ne ya fi yawan hanyoyi, shi ya sa a cikinsa ake samun su.

Ga dogayen sanduna sosai, lissafin ya ce abin yana farawa idan sun cika kimanin 3.3 D/L na wurin, ya kammala a 4.2 D/L. Sandar da tsawonta ya ninka kaurinta sau 100, kashi 3 zuwa 4 cikin 100 kacal ya ishe ta. Ki gwada da 49 na ƙwallo.

Zee_Bayoloji:
Kuma mu 'yan bayoloji muka ba shi abin lissafawa, a riƙa faɗa. Ƙwayar cutar da ke sa ganyen taba dabbare-dabbare sanda ce mai tsawon nanomita 300, kauri 18. Tun 1936 Bawden, Pirie, Bernal da Fankuchen a Ingila suka ga ruwan da ke ɗauke da ita yana nuna halin ruwan kiristal. Daga baya su Dogic da Fraden a Amurka suka yi ta aiki da wata mai suna fd, wadda ke kama bakteriya, tsawo nanomita 880 kauri kusan 7. Amfanin waɗannan shi ne duk tsawonsu ɗaya ne, don tsawon ƙwayar gadonsu ne ke yanke shi. Shi ya sa suke iya jeruwa hawa-hawa, abin da ake kira simektik. Sandunan da aka dafa a kwalba in tsawonsu ya bambanta da yawa, miƙewa za su yi amma hawa-hawan ba ya zaunuwa.

Injiniya_Bash:
Duk wannan dogon turancin, ashana ce fa. Zuba ashana a kwali barkatai, ka girgiza, za su kwanta gefe guda. Ba sai an kira Onsager ba.

Malam_Fizis:
Injiniya, ashanarka ta kusa amma ba ita ba ce. Ita nauyi ne ke danne ta, hannunka ke ba ta motsi, kuma da ka tsaya ta tsaya a inda ta maƙale. Ƙwayar koloyid ba ta tsayawa. Ƙwayoyin ruwa suna ta bugun ta ta kowane gefe dare da rana, motsin Brown ke nan, wanda Einstein ya lissafa a 1905, Jean Perrin ya auna 'yan shekaru bayan haka. Saboda wannan motsin take gwada matsayi bayan matsayi har taron ya faɗa wanda ya fi rinjaye. Ashana ba ta da wannan damar.

Injiniya_Bash:
To Malam, ai a Jami'ar Nabara ta Sifaniya an zuba ƙananan dayis 25,000 a gwangwani, aka riƙa murɗa shi hagu da dama, suka jeru tsaf zobe-zobe. A 2017 aka buga. Wane motsin Brown ne a jikin dayis?

Malam_Fizis:
Babu. Amma sai da aka dace da irin murɗawar da ƙarfinta. Sauya yadda kake girgizawa, sakamakon ya sauya. Wannan ne bambancin da nake nufi.

Lissafi_Damagaram:
Salamu alaikum daga Damagaram. Ku bar sanda ku zo ga masu fuskoki, a nan daɗin yake. Ɗauki dala mai fuska huɗu, kowace fuska alwatika mai gefe daidai. Aristotal ya ce irinta suna cike wuri ba rata, aka yi ƙarnuka ana maimaitawa. Ba haka ba ne. Kusurwar da ke tsakanin fuskokinta biyu digiri 70.53 ce. Jera biyar a kewayen gefe ɗaya, ka samu 352.6, saura rata ta digiri 7.4 wadda ba abin da zai shiga. Wannan 'yar ratar ce ta hana su yin kiristal na yau da kullum cikin sauƙi. A 2009 ƙungiyar Sharon Glotzer a Mishigan suka matse su a kwamfuta, ba wani jan juna, sai ga tsari mai kamanni sau 12 a zagaye wanda ba ya maimaita kansa, irin wanda ake kira kwazikiristal. Daga siffar da ta fi kowace mai fuskoki sauƙi. Ni wannan ne ya sa na daina shakkar cewa siffa kaɗai tana aiki.

Rukayya_Kem:
Na gode ƙwarai. Sanda na gane ta yanzu. Amma Yaya Abba, tambayata ta farko tana nan: a cikin masu fuskokin, wace ce ke juyi a mazauninta, wace ce ke tsayawa? Akwai yadda zan kalli siffa in faɗa tun kafin gwaji?

Abba_Kwamfuta:
Akwai, amma ƙiyasi ne. A 2012 Damasceno, Engel da Glotzer suka gwada siffofi 145 a kwamfuta. Sakamakon ya kasu huɗu: cikakken kiristal, kiristal mai juyi, ruwan kiristal, da waɗanda suka ƙi jeruwa sam suka daskare a hargitse. Awo biyu suka yi amfani da su. Ɗaya shi ne yawan maƙwabtan ƙwaya tun tana cikin ruwa. Ɗayan yana auna kusancin siffa da ƙwallo: 36πV²/S³, V girman ciki S faɗin fata. Ƙwallo tana ba da 1. Mai fuska 20 tana ba da 0.83, mai 12 mai kusurwa biyar-biyar 0.75, mai takwas 0.60, kiyub mai fuska shida 0.52, dalar Malam na Damagaram 0.30.

Masu lamba babba, da yake sun kusa zagaye, suna iya juyawa cikin kejin da maƙwabta suka yi musu ba tare da kusurwa ta maƙale ba. Su ne ke jeruwa irin jerin ƙwallaye su ci gaba da juyi, sai an ƙara matsa su sannan alƙibla ta kulle. Masu manyan fuskoki shimfiɗaɗɗu ba su da wannan sararin, fuska ga fuska suke zama tun daga farko. Haka ma a sanda: Bolhuis da Frenkel a 1997 sun nuna sanda mai kai zagaye ba ta yin nematik, wato miƙewa ba mazauni, sai tsawon jikinta ya kai kimanin ninki 3.7 na kauri, simektik kuwa daga 3.1. Guntuwa sosai, ƙasa da 0.35, kiristal mai juyi take yi don kusan ƙwallo ce.

Dr_Hauwa_Nano:
Na bari ku gama ne. Abba, duk abin da ka lissafo a kwamfuta ne, inda kusurwa take da kaifi kamar reza kuma kowace ƙwaya kwafin 'yar uwarta ce. Ni da nake dafa su a kwalba ban taɓa ganin ƙwaya tsirara ba, kowace tana da rigar sinadari da ke lulluɓe ta. Sandar zinare tana sanye da CTAB, azurfa tana sanye da PVP, ƙwayoyin PbS suna sanye da asid ɗin oleyik. (PbS ɗin nan shi ne dutsen da kakanninmu ke niƙawa su yi kwalli, wanda likitoci ke hanawa yanzu saboda dalmar da ke ciki.) Ƙwaya mai faɗin nanomita 5 ko 6 da rigar da ta kusa nanomita 2 ta kowane gefe, wace siffa maƙwabciyarta take gani? Rigar take gani. Kuma rigar ba ta kama kowace fuska daidai, wata fuskar ta fi wata gashi. Ƙungiyar Tisdale a MIT sun bi ƙwayoyin PbS da hasken eksire a 2016 yayin da ruwan ke bushewa, suka ga jerin ya fara a tsarin da ake kira FCC, inda kowace ƙwaya ke da maƙwabta 12, ya zame zuwa tsarin BCC mai maƙwabta 8. Ƙwayar dai ita ce, siffarta ba ta sauya ba. Don haka Rukayya, shakkarki tana kan hanya. A ƙananan ƙwayoyi akwai jan juna, kuma ba ƙarami ba ne.

Abba_Kwamfuta:
Dakta, ba wanda ya ce babu riga. Amma ki duba aikin Henzie da su Peidong Yang a jami'ar Bakili ta Amurka, 2012. Ƙwayoyin azurfa masu fuska takwas, na gaske, a cikin ruwa, aka bar su suka kwanta. Jerin da suka yi shi ne wanda Minkowski ya lissafa da alƙalami tun farkon ƙarni na 20 a matsayin mafi cunkoso ga wannan siffar, 18/19, kusan kashi 95 cikin 100. Rigar PVP ba ta karanta Minkowski ba.

Dr_Hauwa_Nano:
Ka karanta takardar har ƙarshe, ƙanena. A cikinta ɗin dai, da PVP ɗin da ke yawo a ruwan ya yi yawa, waɗannan ƙwayoyin suka bar Minkowski suka yi wani jeri mai murɗe-murɗe wanda bai kai shi cunkoso ba. Kuma ƙwayoyinsu manya ne, sun haura nanomita 100, rigar ba ta kai ta ɓoye kusurwa ba. Sauko ƙasa da nanomita 10 ka ga.

Kawu_Tanko:
Ku yi haƙuri da tsoho. Wannan kiristal mai juyi, sai a ɗakin gwaji ake ganinsa, ko akwai shi a abin da muka sani?

Malam_Fizis:
Akwai shi, Kawu. Kafur. A zafin ɗaki ƙwayoyinsa suna jere a mazauninsu amma suna juyi, shi ya sa yake da taushi kamar kakin zuma idan aka danna. Wani masani ɗan Beljiyam, Timmermans, shi ya fara tara irin waɗannan a aji ɗaya a shekarun 1930. Ƙwallon kabon na C60 ma haka yake, sai an sanyaya shi ƙasa da kelbin 260 juyin ke takurewa.

Dr_Hauwa_Nano:
A ƙara da cewa fararen ƙwallayen da ake sawa a akwatin tufafi muna ce musu kafur, yawancinsu naftalin ne. Shi naftalin ƙwayarsa shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta juyi haka. Kada wani ya je ya danna na kasuwa ya ce Malam ya yi ƙarya.

DanHolan:
Na shigo a makare, muna ɗakin gwaji. Ni aikina ke nan, bari in faɗi yadda abin yake a ido.

Kiyub ɗin da muke amfani da shi ba a sassaƙa shi. Ana fara dafa ƙwayoyin hematayit, jan tsatsan ƙarfe, su fito da siffar kiyub mai girman kusan maikiromita ɗaya. A lulluɓe su da silika, sannan a narkar da cikin da asid, ruwan ya koma rawaya, a bar ɓawon silika fanko. Laura Rossi da abokan aikinta suka fito da wannan hanyar a 2011. Matsalar, ko in ce albarkar, ita ce kusurwoyin ba su da kaifi, kuma duk kaurin silikar da ka ƙara suna ƙara dakushewa. Ana auna dakushewar da lamba m a cikin |x|^m + |y|^m + |z|^m ≤ 1. Idan m 2 ce ƙwallo ke nan, idan ta tafi ba iyaka cikakken kiyub. Namu suna faɗowa tsakanin 2 da wani abu zuwa kusan 4.

Ana zuba su a siririn bututun gilas, a toshe bakin biyu da gam, a kwantar a kan madubin ƙara girma, a jira su sauka. Farko za ka ga kowanne yana rawar ɗari shi kaɗai, yana juyawa a hankali. Inda suka fara taruwa, sai ka ga biyu sun haɗa fuska, sun zame gefe, sun rabu, sun sake haɗuwa. Waɗanda kusurwarsu ta dakushe sosai jerin saƙar zuma suke yi, maƙwabta shida, kowanne yana kallon inda ya ga dama. Masu ɗan kaifi kuwa layi suke yi, amma ba murabba'i cak ba: kowane layi ya ɗan zame daga na kusa da shi don dakusassun kusurwoyin su sami wurin shiga, sai jerin ya karkace. A 2017 Janne-Mieke Meijer da abokanta suka nuna da eksire cewa a tulin da ya kwanta, sama inda matsi ke da sauƙi kiristal mai juyi ne, ƙasa inda nauyi ya danne alƙibla ta kulle. Ƙwaya iri ɗaya, bututu ɗaya.

Abin da takarda ba ta faɗa: idan bututun ya ɗan karkata ko gam ya yi ɗigo ruwa ya fara tsanewa ta gefe, duk sai su kwarara ɓangare guda, jerin ya yi kyau a hoto amma kwararar ce ta jera su. Akwai lokacin da wani ya jingina da teburin yana waya, aikin da aka daɗe ana jira ya watse.

Lissafi_Damagaram:
DanHolan, wannan karkacewar ta tuna min da rikicin murabba'i. Kwamfuta ta daɗe tana cewa murabba'ai masu tauri a shimfiɗe jerin murabba'i suke yi. A 2011 Zhao, Bruinsma da Mason a UCLA suka yi na gaske da fasahar buga siffa da haske, sai suka ga saƙar zuma mai juyi, daga nan jeri karkatacce. Shekara guda bayan haka Avendaño da Escobedo a jami'ar Konel ta Amurka suka dakushe kusurwoyin a kwamfuta, sai ga abin da gwajin ya nuna. Dakta Hauwa za ta ce kun gani, Abba ma zai ce kun gani.

Dr_Hauwa_Nano:
Kun gani.

Abba_Kwamfuta:
Dakushewar kusurwa ai siffa ce, Dakta. Maki nawa ne.

Ummi_Lab:
Tambaya ta ɗan kauce: da me ake auna cewa sun fuskanci alƙibla ɗaya? Ido kawai?

DanHolan:
A'a 'yar uwa. Ga sanda akwai lamba S, matsakaicin (3cos²θ − 1)/2, θ kusurwar kowace sanda daga alƙiblar taron. Sifili hargitsi, 1 miƙewa cak. A lissafin Onsager, da zarar nematik ya bayyana S tana kusan 0.8, ba a hankali take hawa ba, tsalle take yi. Amma kada ki ɗora S a kan kiyub, za ta yaudare ki. Kiyub yana da juyi 24 da duk suke mayar da shi kamar bai motsa ba, don haka jeri mai kyau ma sai ya ba ki kusan sifili idan kika bi gatari ɗaya. Sai an hau awo na mataki na huɗu.

Ga ƙananan da madubi ba ya gani, eksire ake harbawa. Hasken da ya watsu a ƙaramar kusurwa yana faɗin mazaunin ƙwayoyi. Wanda ya watsu a babbar kusurwa yana faɗin yadda zarrar da ke cikin kowace ƙwaya ke kallo. Idan na farko ya ba da ɗigo-ɗigo na biyu ya ba da zobe, mazauni akwai, alƙibla babu. Idan zoben ya tsinke ya zama baka-baka, sun fara haɗa alƙibla.

Injiniya_Bash:
To duk naji. Me za a ci da shi? Wannan nake tambaya kullum a gidan nan ana cewa na cika son kuɗi.

Zee_Bayoloji:
Launi, na farko. Dutsen ofal ƙwallayen silika ne 'yan nanomita 150 zuwa 300 a jere, launinsa daga jerin yake fitowa, ba rini. Wanda ake haƙowa a Wollo ta Habasha tun 2008 yana cike kasuwar duwatsu. Amma wanda ya shafi alƙibla kai tsaye shi ne 'ya'yan wata ciyawar dajin Afirka, Pollia condensata, shuɗi mai ƙyalli kamar ƙarfe, kuma babu sinadarin shuɗi ko ɗigo a cikinsu. Zaren selulos ne a jere hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan juya daga na ƙasansa. Ƙananan sandunan selulos da ake cirowa daga auduga ko itace da asid suna yin irin wannan murɗin da kansu a ruwa, Revol da Gray a Kanada suka nuna a 1992, kuma in ya bushe launin yana zama.

Dr_Hauwa_Nano:
Na biyu lantarki. Idan kana son caji ya tsallaka daga ƙwaya zuwa ƙwaya, a na'urar gano haske misali, yana da muhimmanci fuskokin su dace, jerin zarrar wannan ya ci gaba a cikin waccan. Kiristal mai juyi ba ya ba ka wannan.

Sadiq_300L:
Malamai, mu da ko madubin kirki ba mu da shi a sashenmu, wanda ke akwai ma yana kulle a ofis, yaya za mu taɓa wannan fannin?

Abba_Kwamfuta:
Da kwamfutar cinyarka. Manhajar HOOMD-blue ta kwaikwayon ƙwayoyi kyauta ce, daga ƙungiyar Glotzer ɗin nan, tana da sashen ƙwayoyi masu tauri, ka ba ta kusurwoyin siffa kawai. Akwai kuma manhajar freud ta yin awo. Kiyub dubu ɗaya ko biyu ba sa buƙatar babbar na'ura. Ka dai saita ta riƙa ajiye aiki a kai a kai saboda wuta. Kuma ka fara da kiyub, akwai abin mamaki a ciki: Smallenburg da abokansa a Utrecht sun nuna a 2012 cewa kusa da narkewa, har kashi 6.4 cikin 100 na mazaunan kiristal ɗin kiyub fanko ne, kuma gurbin ba ya zama wuri ɗaya, yana rarrabuwa a tsawon layi, kiyub ɗin layin su raba ratar a tsakaninsu. A ƙwallaye gurbin bai kai ko kusa da haka ba.

Rukayya_Kem:
Bari in maimaita abin da na ɗauka a gyara min. Babu jan juna a tsakanin ƙwaya biyu su kaɗai, amma a cikin taro sai su yi kamar akwai?

Malam_Fizis:
Haka ne, kuma ana iya auna shi. Kiyub biyu a cikin cunkoso, idan suka haɗa fuska da fuska, sun saki fili ga sauran. Sauran kuwa suna ta bugun su ta waje, ba mai bugu ta tsakani. Sakamakon turi ne na gaske mai fifita fuska a kan kusurwa. Van Anders da su Glotzer sun lissafa shi a 2014, ya kai ninki kaɗan na kT, wato ajin ƙarfin motsin zafin kansa. Asalin tunanin na Asakura da Oosawa ne a Nagoya, 1954, su da ƙananan ƙwayoyi ne ke tura manya. Cire taron, turin ya ɓace.

Injiniya_Bash:
To ashe Rukayya ce da gaskiya tun farko, da ƙarfi ake juya abu. Maƙwabta ne ke bugu.

Abba_Kwamfuta:
Bugun maƙwabta ba shi da alƙibla, Injiniya. Siffa ce ke ba shi.

Dr_Hauwa_Nano:
Ni har yanzu akwai abin da ba ku taɓa ba. Duk lissafin nan yana ɗauka an ba ƙwayoyin lokaci. A cikin 145 ɗin nan ma akwai waɗanda suka daskare a hargitse, a kwamfuta fa, inda ba ƙura ba datti. A kwalba, ruwa ɗaya na raba biyu, ɗaya ya bushe cikin minti kaɗan ɗaya na rufe ya kwana yana tsanewa, hoton da na samu kamar ba ƙwaya ɗaya ba ce. Rukayya, idan za ki sa jadawalin siffofi a seminarki, ki sa saurin bushewa da kaurin riga a gefensa, in ba haka ba wani malamin kemistiri zai tsayar da ke.

DanHolan:
Dakta, a wane ruwa kika yi, tolwin ko hekzen? Don a PbS an sha ganin ruwan kansa yana sauya jerin ko da saurin bushewa ɗaya ne.

Dr_Hauwa_Nano:
Tolwin. Na hekzen yana bushewa kafin in rufe murfin, ban ma samu abin kwatantawa ba. Idan kana da hanyar rage masa gudu ba tare da akwatin tururi ba, turo min ta gefe.

Sadiq_300L:
Yaya Abba, na sauke HOOMD ɗin amma yana ƙin hawa a Windows.

Abba_Kwamfuta:
Ba ya hawa kai tsaye. Sa WSL tukuna, wato Linux a cikin Windows, sannan conda mai girka manhajoji. In ka maƙale ka ɗauki hoton abin da ya rubuta ka sa a nan.